Kunnen Goggo Tani

Ranar Alhamis da hantsi Zulkifilu ya gama liƙa waya ta ƙarshe. Ya ɗora ƙarfen dalma a kan bulo, ya bi layukan da mita sau biyu, sannan ya buɗe ɗan gwangwanin da ya taho da shi daga Hangari.

Abin da ke ciki bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Baƙi ne, mai ƙafafu ashirin da takwas. Masu gyaran rediyo aisi suke ce wa irinsa. Wannan daga cikin wata kwamfuta aka ciro shi, irin wadda aka daina ƙerawa tun ba a haifi Zulkifilu ba, kuma aikinsa guda ne: ya yi sauti. Murya uku gare shi. Shekara shida Zulkifilu ya yi a ƙasar Hangari yana karatun lantarki. Ya dawo Wurno da takardar shaida, da akwatin tarkace, da wannan. Takardar har yanzu ba ta samo aiki ba. Wata bakwai ke nan yana zaune a ɗakin da ke jikin zaure a gidan wansa, Alhaji Yusufu, yana haɗa abin kiɗa a cikin akwatin katako. Madannan daga wani mataccen fiyano na yara ya ciro su.

Ya danna aisin a gurbinsa. Ya haɗa batirin sola. Ya ɗora muryoyin uku a kan sauti ɗaya, ya ɗan goce da biyu don su yi kauri, ya sa matatar sautin da ke cikin aisin ta riƙa buɗewa a hankali. Ya murɗa lasifika. Ya danna madanni na can ƙasa.

Sautin ya taso kamar daga nesa, yana gurnani, yana hawa kan kansa, yana ƙaruwa. Ya fi yadda ya zata kyau. Ya riƙe madannin, ya ƙara da na kusa da shi.

Wani abu ya faɗi a tsakar gida. Kwano ne, ya yi ta juyawa a kan siminti.

"Zulkihilu!" Muryar Salima ce, matar Alhaji. "Kashe abin ga! Kashe shi!"

Ya zare waya ya fita. Garin gero ya watse daga gindin turmi har ƙofar madafa. Tabarmar da aka kwantar da Mubaraka, jaririyar Salima, babu kowa a kanta. Salima ta nufi bayan ɗakuna da gudu, ya bi ta.

A lungun da ke tsakanin makewayi da katanga suka same ta. Goggo Tani ce, ƙanwar mahaifinsu. Tana tsugune, ta manna jaririyar a ƙirji, tafin hannunta ɗaya a kan bakin yarinyar. Ɗaya hannun jini yake yi. A saman katangar akwai fasassun kwalabe da Alhaji ya sa aka dasa, kuma ta gwada hawa.

"Su nawa na?" ta ce, can ƙasa.

"Goggo, ba kowa."

"Ukku nij ji. Babura ukku, kuma tahowa sukai."

"Ni ne. Abin da nake haɗawa ne."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauke hannu daga bakin Mubaraka. Yarinyar ta ja numfashi ta tsala kuka.

Wata biyu ke nan da Alhaji ya je Shinaka da kansa ya ɗauko ta, bayan shigar da 'yan bindiga suka yi wa garin ta ƙarshe. Da ƙyar ta yarda ta hau motar.

Bayan azahar Alhaji ya dawo daga shago, ya ji abin da ya faru, ya tara su a gindin dogonyaro. Salima ta riga ta ɗaure wa Goggo hannu.

"Ran Lahadi in Allah ya kai mu ina bin motar Goronyo," in ji Goggo. "Daga can in samu mai kai ni gida."

"Wane gida, Goggo?" Alhaji ya ce. "Gidan da anka ƙone ma rumbu? Mutane hitowa sukai, ke kina komawa?"

"Ki yi haƙuri," in ji Zulkifilu. "Ba zan sake kunna shi ba."

"Ba hushi nikai ba, ɗana. Zauna ka ji." Ta gyara hannun a kan cinya. "Sau ukku anka shigo muna. Sau ukkun duka ina cikin dawa kahin su kawo bakin gari. Ban hi kowa gudu ba, ka dai gan ni. Kunne na. In nij ji, ba ni tambayar kowa, ba ni biɗar takalmi. Yanzu hwa? In nij ji sai in tsaya in ce, ko yaron ga na da akwatinai? Wanga tsayin shi ka sa a ishe mutum."

"Nan Wurno ta, Goggo. Ba su shigowa nan."

"Haka munka ce Shinaka."

Alhaji ya duba ƙasa.

"Kuma can na san inda danga tay yi rauni," ta ce. "Nan kun yi katanga kun sa mata kwalba. Wanda kunka hana shiga ban san shi ba. Ni dai kun hana ni hita."

Alhaji ya juya wajen ƙanensa. "Ɗauko akwatin. Yanzu in sa mai taɓarya gabanta."

"A'a," in ji Goggo. "Ba a hwasa aikin wata bakwai don baƙuwa. Shi ɗan gida na. Ni ka tashi."

Zulkifilu ya san inda gurnanin yake. Da bakin sukuddireba zai iya ɗago shi kafin a gama wannan magana. Ya kuma san babu irinsa a Sakkwato, watakila babu a Legas, kuma in aka cire shi abin da ya rage akwati ne da wayoyi.

"Kondensa ce," ya ce. "Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne masu tace sauti. In na canja su ƙasan muryar zai fita, ba zai ƙara yin kama da babur ba. Ku ba ni zuwa Lahadi."

"Injiniya ya yi magana," in ji Salima.

"Ni dai Lahadi nic ce," in ji Goggo. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Masu gyara a Wurno duk sun koma kan wayar hannu. Wanda ya rage da tsofaffin rediyo yana Rabah, Malam Musaddiƙ. Da safiyar Juma'a Zulkifilu ya hau bayan Shafi'u, ɗan kabu-kabu maƙwabcinsu, magidanci wanda ba ya son a yi masa hira yana tuƙi.

Sun yi nisa sai suka cim ma wasu babura biyu. Shafi'u ya sauka gefen hanya ya kashe inji.

"Lafiya?"

"Bari su tahi. Akwai ƙauye gaba."

"To sai mi?"

Shafi'u ya waiwayo. "Ba a shiga ƙauye ukku-ukku, malam. Wai kai ina kaka zaune?"

Suka tsaya a rana. Zulkifilu ya duba agogo, ya sauka, ya sake hawa. Shafi'u bai tayar ba sai da ƙarar waɗancan ta ɓace. Da suka kusa gidajen farko ya rage gudu, ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya yi oda biyu gajeru. A bakin rijiya mata uku sun tsaya cak, ɗaya da guga a rataye tsakiyar ja. Ba su motsa ba sai da suka ga fuskarsa. Sannan igiyar ta ci gaba da tafiya.

Zulkifilu ya bi hanyar nan sau huɗu tun dawowarsa. Duk a mota, yana duba waya.

Rumfar Malam Musaddiƙ tana bayan tasha. Rediyoyi a jere har rufi, mafi yawa ba murfi. A ƙasa gwangwanayen madara cike da kayan ciki. Tsohon yana sanye da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗayar waya ce.

"Kai na ɗan marigayi Malam Siddiƙ na Wurno, wanda yat tahi Turai?"

"Ni ne, Baba."

"Kun tahi inda aka ƙera sabo, kun dawo kuna biɗar gawa wurinmu. Madalla. Mi kaka so?"

Ya faɗa masa. Kondensa biyu masu ƙarfi ɗaya don matatar aisin, da ɗaya ƙarama da za ta tare ƙasan sauti a kan hanyarsa ta zuwa lasifika. Malam Musaddiƙ ya juye gwangwani uku a kan faranti. Akwai jajaye masu kama da ƙwayar wake. Akwai koraye masu sheƙi. Akwai wasu kamar alewa a leda, ana hango azurfar ciki.

Zulkifilu ya kai hannu kan jajayen, su suka fi yawa.

"Aje waɗanga. In zahi ya taso sai su canja ra'ayi. Da sahe su ce maka kaza, da azahar su ce ba su hwaɗi ba. Ɗauki na leda."

"Ba su da yawa."

"Shi ya sa."

Lambar da ke jikinsu ba abin dogaro ba ce bayan shekara arba'in, sai an auna. Zulkifilu ya riƙa ɗora su a mita ɗaya bayan ɗaya, yana jera waɗanda suka yi kusa da juna a kan gwiwarsa. Biyu suka gangara cikin ƙasa, ya tsugunna yana lalube. Shafi'u ya leƙo sau biyu. Kafin kiran farko na sallar Juma'a ya haɗa biyu-biyu har kashi uku, kowane kashi ya fi na baya ƙanƙanta.

"Wai mi ad damuwar abin naka?" tsohon ya tambaya.

"Ƙasan muryar ya yi yawa. So nake in yanke shi."

"In ka yanke ƙasa, mi ar rage?"

"Sama."

"To." Malam Musaddiƙ ya koma kan rediyon da ke cinyarsa.

Zai fita sai ya ga wani mataccen fanel, allon wayoyin cikin wata na'ura, a jingine da ƙofa, da gurbin aisi mai ƙafa arba'in a jikinsa. Ya tsaya. A ƙasan akwatin tarkacensa akwai aisi huɗu masu ƙafa arba'in, na injin wasan yara. Mutumin da ya sayar masa da na gwangwanin ne ya ƙara masa su gyara. Bai taɓa ba su wuta ba. Ya san abin da suke yi: tsuwa, irin ta agogon hannu.

"Baba, wannan fa?"

"Ɗauka. Shekara goma shina cin min wuri."

Ya ɓalle gurbin, ya sa shi a wani aljihu daban.

Suka yi Juma'a a Rabah. Ana sallamewa ya tarar da Shafi'u a kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa. "Kahin la'asar nika son in gan ni gida. Hau."

Asabar da safe ya roƙi Goggo ta zo ta saurara. Ba ta yi musu ba. Salima ta kawo mata kujera 'yar tsugunne ta ajiye a bakin ƙofarsa, ta goya Mubaraka, ta tsaya a baya. A cikin ɗakin Goggo, ƙullin kaya biyu sun riga sun hau gado.

Ya rage lasifikar har sai wanda ke ɗakin kaɗai zai ji. Ya sa kashi na farko. Ya danna.

Goggo ta rufe ido. Kafaɗunta suka ɗaga, amma ba ta tashi ba.

"Ukku. Sun kawo maƙabarta."

Ya kashe. Ya narka dalma, ya cire, ya sa kashi na biyu. Ɗakin ya cika da warin hayaƙi. Ya danna.

"Sun ja baya. Suna wajen hwadama."

"Amma ya ragu ko?"

"Ya ragu."

Ya sa kashi na uku, mafi ƙanƙanta, ya ƙara da ƙaramar kondensar a kan hanyar lasifika. A kunnensa gurnanin ya fita gaba ɗaya. Abin da ya rage siriri ne, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya dubi Goggo yana jira.

Tana tsaye. Bai ga lokacin da ta tashi ba. Kujerar ta kife.

"Kashe."

Ya kashe.

"Wanga ya hi muni," ta ce. Numfashinta na fita da sauri. "Wancan na shekaranjiya, na kusa, in ka ji shi ka riga ka makara. Wanga shi nika saurare. Kullum. Ina daka ina saurarenai, ina salla ina saurarenai. Shi na na nesa, sa'ad da iska yak kawo shi yas sake ɗauke shi. Ka tahi Rabah ka sawo min shi."

Zulkifilu ya dubi kondensar da ya ɓata rabin yini yana zaɓe. Nisa ne ke cinye ƙasan sauti. Ya san wannan tun shekararsa ta biyu a makaranta, ya rubuta jarrabawa a kai.

"Bari in bar murya ɗaya kawai," ya ce.

Ya kashe biyu, ya danna.

"Guda. Shi aka turowa gaba shi duba hanya."

Ya matsa hannunsa sama, can inda madannan ke da siririyar murya. Ya buga ɗan wani abu.

"Wanga ba komi," in ji Goggo. "Awa algaita mai mura."

"To shi ke nan. Sai in hana shi sauka ƙasa. Akwai umarnin da nake rubuta masa a kwamfuta. In na goge na ƙasan, ko an danna ba zai yi ba."

"Ina iya ganin gogewar?"

"A'a."

"Abin da kac cire da rubutu kana maida shi da rubutu. Ko ka manta, ko wani shi taɓa." Ta tayar da kujerar ta zauna. Ta leƙa cikin akwatin, wayoyi ja da baƙi, da dalma tana ƙyalli. "Duk tarkacen ga, wane na ka yin kukan? Nuna min."

Ya ɗauki sukuddireba yana juya shi a hannu.

"Injiniya, ana magana," in ji Salima.

Ya nuna da bakin sukuddireba.

"Wanga ɗan baƙin? Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"In babu shi babu kukan?"

"Babu."

"Tun shekaranjiya ka san haka?"

"Na sani."

Salima ta ce, "Lallai." Ta gyara goyo ta bar wurin. Goggo ta miƙe. Ta ɗauki kujerar da hannunta mai lafiya ta koma ciki. Jim kaɗan ya ji tana tambayar Salima inda aka sa mata tsintsiyarta ta Shinaka, don ba ta barin ta.

Ya zauna. Ya tashi ya je zaure, ya dawo. Ya ɗauki wayarsa ya buɗe hotunan Hangari, ya rufe. Ya fita har bakin titi, ya ga babura biyu sun wuce da buhunan albasa, ya tsaya yana jin ƙararsu har ta ɓace. Ya koma ɗaki.

Ya sa bakin sukuddireba a ƙarƙashin aisin, ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ya ɗaga ɗayan. Ya mayar da shi gwangwani ya rufe. Sannan ya juye akwatin tarkace a kan tabarma.

Mai ƙafa arba'in ba ya shiga gurbin mai ashirin da takwas. Shi ma murya uku gare shi, amma wutar da yake ci daban, yadda ake ba shi umarni daban, kuma ba shi da matata ko kaɗan, don haka kondensar Rabah ba su da aiki. Rabin fanel ɗin sai an warware. Ya fara. Na farko a cikin huɗun matacce ne, ya ɓata awa guda kafin ya yarda. Na biyu ya yi zafi har ya ƙona masa yatsa. Na uku ya amsa. Alhaji ya leƙo bayan la'asar, ya dubi tabarmar, ya ce ya yi magana da direba, gobe da hantsi zai biyo ta ƙofar gida.

"Ka hana ta mana, Yaya."

"In ɗaure ta? Ƙanwar ubana?" Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Da ka hwaɗi gaskiya ran Alhamis, da yanzu wata magana mukai."

Da magariba ta yi ya ajiye, don batirin ba zai ɗauki fitila da ƙarfen dalma tare ba. Ana idar da asuba ya koma kai. Waya goma sha shida suka rage, sannan umarnin. Cikin sauri ya haɗa ƙafa biyu da dalma bisa kuskure, ya tsotse, ya sake. A tsakar gida yana jin ana jan ƙulli, Salima tana cewa a ƙara kuka da daddawa a cikin kayan, Goggo tana cewa can ma akwai.

Motar ta zo da wuri. Oda ɗaya mai tsawo.

Ya fito da akwatin a hannu, murfin a buɗe, batirin na jan waya a bayansa. Goggo tana zaure da mayafi, ƙullinta biyu a gabanta. Alhaji na tsaye a ƙofa.

"Goggo, sau ɗaya."

"Mai mota na jira."

"Shi jira," in ji Alhaji.

Zulkifilu ya ajiye akwatin a kan dakalin zaure. Ya danna madanni na can ƙasa.

Sautin ya fito a bushe. Ba kauri, ba rawa, kamar an ja ƙusa a kan kwano. Shi kansa sai da ya ɓata fuska.

Goggo ta karkata kai. "Ƙara."

Ya ƙara ƙarfin lasifika.

"Sa ukkun."

Ya sa muryoyin uku, ya goce da biyu kamar yadda ya yi ranar Alhamis. Ya riƙe.

Ta saurara har direban ya sake yin oda.

"Injin ban-ruwa na," ta ce. "Ƙanana, ukku. Awa hwadamar Taloka da rani. Guda mai ya kusa ƙare mai."

Salima, daga ƙofar ciki, ta fashe da dariya. "Shekara shida Turai! Injin ban-ruwa! Alhaji, ko mu kai shi gonar albasa shi yi muna amfani?"

"Bi su duka," in ji Goggo. "Daga ƙasa."

Ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya. Ya murɗa duk abin da ke murɗuwa. Ta sa shi ya rage ƙarar har ta kusa ɓacewa, ta sa shi ya kai akwatin cikin ɗaki ya rufe ƙofa ya danna daga can. Ya yi. Ya fito.

"Wanga ba shi tahowa," ta ce. "Tsaye yake wuri guda."

"Ba zai iya ba. Ba shi da abin yi."

"Wancan hwa?"

"Na cire shi."

"Na ga ka cire. Ina yake?"

"Yana gwangwani."

"Gurbinai na nan?"

"Na ɓalle shi. Amma ana iya mayarwa." Bai san dalilin da ya sa ya ƙara wannan ba.

"Kawo."

Direban ya leƙo zauren. "Alhaji, in ba a tahiya a gaya min. Ina da mutane cikin mota, kasuwa na ci."

Zulkifilu ya shiga ɗaki. Gwangwanin yana kan taga. Ya tsaya da shi a hannu. Yini uku ya yi yana zagaya kasuwar tsofaffin kaya a cikin sanyi kafin ya same shi, kuma sau ɗaya tak ya ji muryarsa yadda ya kamata, na ɗan abin da bai kai minti ba. Ya fito ya miƙa mata.

Ta buɗe da haƙori, don hannun bai warke ba. Ta duba.

"Wanga ɗan abu."

"Kar ki taɓa ƙafafun, Goggo. Ko hannu kawai yana iya kashe shi."

"Ba ni taɓawa. Ni ba kashe maka shi za ni yi ba." Ta rufe. Ta kwance bakin zanenta, ta ƙulle gwangwanin a ciki tare da goronta, ta soke a ƙugu. "Akwai wani irinai cikin tarkacen?"

"Babu."

"Ka dube ni."

Ya dube ta. "Babu, Goggo."

Ta juya wajen Alhaji. "Yusuhu, ba mai mota haƙuri."

Alhaji ya fita da sauri, kamar yana tsoron ta sake shawara. Aka ji shi yana magana da direban, direban yana ɗaga murya, sannan ƙofar mota ta rufe. Salima ta zo ta ɗauki ƙulli ɗaya. Goggo ta hana ta na biyun, ta ɗora a ka da kanta.

"Yaushe zan karɓa?" Zulkifilu ya ce.

"Ran da nik koma gida don kaina, ba don gudu ba. Ka zo Shinaka ka amsa." Ta kai ƙofar ciki ta tsaya. "Kuma ka ce ma wanka a cire kwalaben ga ta wajen makewayi. Tsawon kamu biyu ya isa."

Ta shige.

Ya ɗauki akwatin ya mayar ɗaki. Ya zauna ya sake bin madannan, wannan karon don kansa. Muni dai yana nan. A tsakiya akwai wurin da in ya haɗa uku suna ba da wani abu da za a iya aiki da shi, wataƙila, in ya samo masa matata ta waje. Kondensar Malam Musaddiƙ suna nan a kan taga. Madanni na goma sha ɗaya ba ya amsawa sam. Ya kwantar da akwatin a gefe, ya jawo shi kusa da haske, ya fara bin wayar.